Kwaɗo na Takwas a Sarƙa

Tun Tegan Hartwig ba ta kai tsawon ƙofar ba ita ke buɗe ta. Haka al'adar take a layin Wilga, hanyar da ke shiga gonakinsu: wanda ya zauna kusa da direba shi ke sauka, ko ana rana ko ana ruwa, ita kuwa ita kaɗai ubanta ya haifa, babu ƙanen da za ta tura. Saboda haka babu wanda ya san sarƙar ƙofar nan kamarta. Gida shida ke bin layin, kowane gida da kwaɗonsa, na bakwai na 'yan kwana-kwana ne saboda gobarar daji. An saƙala su ne wuyan wannan cikin wuyan wancan, duk wanda mutum ya buɗe sai sarƙa ta faɗi, ya wuce, ya mayar yadda ya samu. Nasu na tagulla ne da ɗigon shuɗin fenti. Na Gwaggo Noeleen Doolan, maƙwabciyarsu ta gabas, jan farce ta shafa masa. Na Kawu Merv Zischke ƙato ne kamar na gidan yari, wanda ya san mai shi ba zai yi mamaki ba.

Da can maharba aladen daji ake kulle wa, masu barin ƙofa a hangame shanu su fice. Yanzu kamfanin gas ake kulle wa. Kamfanin na son ya haƙa har ya kai kwal ɗin da ke kwance a ƙarƙashinsu, ya zuƙe ruwan da ke danne da shi, iskar gas ta taso. Ruwan nan kuwa shi ne na rijiyar burtsatsen da ke ƙarshen layin, wadda gida shidan da shanunsu ke sha. A hayin babban titi, inda aka riga aka haƙa, rijiyoyi sun ja baya, wasu har tsaki suke idan an kunna famfo. Tegan ta karanta ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa a birnin Toowoomba, ta san abin da tsakin nan ke nufi, shi ya sa ta ƙi aikin birni ta dawo gida.

A taron farko da aka yi a zauren gari, wakilin kamfanin ya tsaya da murmushinsa ya ce su ba sa fasa kwaɗon kowa, inda aka buɗe musu nan suke shiga. Bayan fitarsa gida shidan suka ɗaga hannu suka yi alkawari: babu gidan da zai ba mai cin abincin kamfani makullinsa. Suka kafa tamfol a bakin ƙofa, suka raba gadi. Shekara ta zagayo ta sake zagayowa suna nan. Rana ta ƙone wa Tegan hanci har ya daina ɓarewa. Ta koyi cin burodi da hannu ɗaya tana korar ƙuda da ɗayan. 'Yan birnin da suka zo da alluna da ganguna sun yi waƙoƙinsu sun koma, ita tana nan.

Ranar nan ita ce da gadin safe. Ta ajiye kujera, ta miƙa hannu ta kama sarƙar, ba don komai ba sai sabo, sai ta ji nauyinta ya canza. Ta ƙirga. Takwas.

Sabo ne fil, rawaya, ko ƙwarzane babu a jikinsa, yana zaune tsakanin nasu da na Gwaggo Noeleen kamar baƙon da ya cusa kansa tsakanin mutum biyu a benci. Ta tsuguna tana juya shi. Abin da ya fara zuwa mata ba tsoro ba ne, son sani ne, irin wanda ke sa ta kwana tana tunanin dalilin da ya sa ruwan wata rijiya ya fi na wata ɗumi. Kwaɗo ba ya shiga sarƙa da kansa. Sai wani ya buɗe nasa ya saƙala sabon a gefensa. Ke nan hannu biyu ne kawai za su iya: na gidan Doolan, ko na gidan Hartwig. Ita ba ta yi ba. Makullin gidansu kuwa biyu ne, ɗaya a aljihunta, ɗaya a wajen ubanta.

Ba ta yi yunƙurin cire shi ba. Kwaɗon wani kamar ƙofar ɗakinsa ne. Wataƙila ma na likitan dabbobi ne, ko 'yan kwana-kwana sun sake nasu ba su cire tsohon ba. Ta duba, tsohon yana nan da jar alamarsa. Ta juya sabon ta ga wata lamba da aka buga a gindinsa, ta ɗauki hotonta.

Da aka karɓe ta gadi ba ta ce wa kowa komai ba. Ta san abin da zai biyo baya. Gidan Pfingst, can ƙasan kwari, su ne suka fara sa wa kamfani hannu, babu wanda ya zage su, babu wanda ya jefe su. Yatsa kawai aka hana su. A hanyoyin nan duk motar da ta haɗu da wata, direba kan ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ko ya san mutum ko bai san shi ba. Aka daina ɗaga wa gidan Pfingst. Ba su kai ƙarshen shekara ba suka sayar da gonar suka koma bakin teku.

Ta tarar da ubanta, Clarrie Hartwig, a bakin kwamin ruwa, hannunsa cikin gansakuka har gwiwar hannu yana gyaran famfo. Mutum ne mai tsimin magana, kuma har yau in ya haɗu da motar kamfani yana ɗaga mata yatsa, ya ce direban bai yi masa komai ba. Wannan ya daɗe yana ci wa Tegan rai. Ta fara da zagaye-zagaye, ta tambaye shi ko ranar da ya je garin Chinchilla shi kaɗai sarƙa ta ba shi wahala. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya biya ta shagon kayan ƙarfe. Ya zaro hannunsa daga ruwan ya dube ta.

"'Yar nan, in tambaya gare ki, yi ta. Ba a kotu muke ba."

Ta faɗa masa. Ya goge hannu a wandonsa, wata saniya ta matso ta sa baki a kwamin.

"Ni kike zargi."

"Baba, hannu biyu ne kawai."

"Da ni ne, da rana tsaka zan yi, in kuma tsaya in faɗa wa Merv a gaban idonsa. Ban tsufa da yin abu a ɓoye ba, ba kuma yanzu zan fara ba."

Kunya ta kama ta, amma ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne, shi ma bai jira ba. Ya ce ta yi a hankali. Filin Noeleen ya yi iyaka da rijiyar, kuma yana da tasa ƙofar a kan babban titi. Duk ranar da aka hana matar nan yatsa, kamfani ba ya bukatar layin Wilga, ta cikin gonarta zai bi. Ya mayar da hannunsa cikin ruwan, maganar ta ƙare.

Rawayan nan ne ya tsaya mata a rai. Ta san ta taɓa ganin irinsa. Ta hau a-kori-kura ta tsallaka babban titi, ta shiga yankin da ta yi rantsuwar ba za ta ƙara takawa ba. Itatuwan turare sun ja baya, an shimfiɗa tsakuwa, kowane ɗan taƙi sai wani fili da aka kewaye da waya, a tsakiyarsa inji na gurnani shi kaɗai babu kowa. Ta tsaya a na farko. Kwaɗo rawaya. Ta tsuguna ta leƙa gindinsa, ta gwada da hoton wayarta: lamba ɗaya. Ta wuce na gaba, lamba ɗaya. Har abin ya koma mata kamar wasa, ta dinga tsayawa tana leƙawa kamar yarinya mai bin layin tururuwa ta ga inda ya ƙare. Duk inda ta leƙa lambar nan ce. Ta zauna a mota ta bar ƙofa a buɗe, har sai da ta ɗan yaba wa dabarar. Kamfani mai rijiya ɗaruruwa ba zai ba kowane direba tarin makullai ba. Makulli ɗaya ne ke buɗe duka. Duk wanda ke sanye da rigar kamfani, makullin layin Wilga na aljihunsa.

Da ta dawo ƙofa, matar Merv ce ke gadi, tana gyangyaɗi da jarida a fuska. Tegan ta buɗe kwaɗonsu, ta zare wuyansa daga na rawayan, ta saƙala shi kai tsaye a wuyan na Gwaggo Noeleen, ta danna. Rawayan ya koma lilo a gefe, yana nan a sarƙa amma ba ya riƙe da komai. Ba ta taɓa na kowa ba sai nata. Duk da haka ta san a layin Wilga zagaye kwaɗon mutum abin kunya ne da ake tunawa da shi har jikoki.

Gwaggo Noeleen na kicin lokacin da ta isa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ke riƙe da gonar da ƙugu mai ciwo da karnuka biyu. Ɗanta Darcy shi ne sa'ar Tegan, tare suka yi ta shiga motar makaranta, yana ce mata Farfesa tana ce masa Mai Kunnuwa. Lokacin da fari ya yi tsanani ya tafi tuƙa wa kamfani tankar ruwa, kuma tun ranar yatsun layin suka kwanta masa. Tsohuwar ta ɗora ruwan shayi ba ta tambaye ta ko za ta sha ba, ta yanka kek ɗin kwakwa, ta yi mata faɗan ramewa, ta tambayi ƙafar Clarrie. Tegan ta bari sai da aka zuba shayin sannan ta ajiye wayar a kan tebur, hoton na kallon sama.

Noeleen ta duba, ko gezau.

"Na Darcy ne. Sai me?"

"Gwaggo, kin ɗaga hannu a zaure. Ina kusa da ke."

"Na ɗaga. Na ce ba zan ba da makullina ba. Ga shi can a rataye a ƙusa, je ki taɓa shi. Nasa kwaɗon ya kawo, da nasa makullin. Wa ya yi alkawari a kan wannan?"

Da a aji ne da Tegan ta ba matar nan maki. Noeleen ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce duk ranar hutunsa yaron nan sai ya ajiye mota a bakin titi, ya haura shinge, ya tako da buhun abincin karnuka a kafaɗa, mai gadi na kallonsa kamar bai ga mutum ba. Ƙofarta ta babban titi kuwa ita da kanta ta naɗe ta da waya ranar alkawari, don kada a ce ta bar kafa. Ta ce a layin nan aka haife shi, a bayan motar Merv ma, ranar ambaliya, amma yau yana haura shinge kamar ɓarawo don ya ga uwarsa.

Tegan ta yi mata bayanin lambar, a hankali, da abin da ta gani a hayi. Tsohuwar ta girgiza kai ta ce Darcy ba zai yi mata haka ba. Tegan ta ce ita ma ba ta ce ya sani ba. Da ta so, da ta tsaya nan. Amma ba ta iya ɓoye abin da ta yi da hannunta.

"Na zagaye shi, Gwaggo. Yana nan, amma ba ya buɗe komai."

Noeleen ta dube ta.

"Kin kulle min ɗa a waje ke nan."

Ta miƙe ta ɗauke kofin Tegan, da sauran shayi a ciki, ta zubar a wurin wanke-wanke. Tun tana yarinya Tegan ke shiga kicin ɗin nan, ba a taɓa ɗauke mata kofi ba. Tegan ta ɗauki hularta ta fita. Ta kira Darcy a hanya, wayar ba ta shiga ba, yana sansanin ma'aikata inda babu sabis.

Kwanakin da suka biyo baya ta karɓi gadin duk wanda ya nuna gajiya. Tana zaune tana kallon rawayan na lilo, tana tambayar kanta wa zai fara zuwa da makullinsa, ɗan ko kamfanin. Sauran masu wucewa kowa nasa kwaɗon yake nema da hannu, idonsa na kan hanya, babu wanda ya ƙirga.

Wata safiya, rana ta fara zafi, ta hango ƙura ta taso daga babban titi, irin wadda mota ɗaya ba ta tayarwa. Ta ɗauki rediyon oba-oba ta ce wa gidajen layin a fito. Kafin motocin su iso, Merv ya iso da ƙaton almakashin yanka ƙarfe da ba ya rabuwa da shi, ubanta ya iso, sauran gidajen suka biyo, Noeleen a ƙarshe da karnukanta a bayan mota. Farar a-kori-kura ce a gaba da tuta a kanta, bayanta doguwar tirela ɗauke da injin haƙa, bayan wannan tankar ruwa. Tegan ta gane kunnuwan direban tankar tun daga nesa.

Shugaban ayarin ya sauko, mutum mai tsabta da farar hular kwano. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya amsa sai Clarrie. Ya ce ba rigima ta kawo su ba, za su wuce ne su duba ƙasa a ƙarshen layi, kuma kamar yadda suka sha faɗa, ba sa fasa kwaɗon kowa. Merv ya ce to sai ya tsiro fiffike. Mutumin ya yi murmushi, ya zaro makulli daga aljihun rigarsa, ya sunkuya. Aka ji ƙas. Rawayan ya faɗo a tafin hannunsa.

Sarƙa ba ta motsa ba.

Ya ja ta. Ya sake ja. Ya dubi kwaɗon da ke hannunsa kamar wanda ya ciro haƙorin da ba shi ke ciwo ba.

"Yallaɓai, naka ne?" in ji Tegan daga kujerarta. "Mun yi ta cigiyar mai shi. Tafi da abinka."

Wani ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don Merv ya riga ya matso. Ya ga inda aka ciro kwaɗon, ya ga jan farcen. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce ashe macijin a cikin gida yake. Ya ce ya sha faɗa, gidan da ɗansa ke cin abincin kamfani ba a barinsa a sarƙa. Ya ɗaga almakashin ya ce yau zai cire kwaɗon Doolan, wanda ya ga dama ya hana shi.

Noeleen ta sauko daga mota da ƙyar, ta dafa ƙofarta.

"Yanke, Merv. Ni na sa, ban kuma san na dukansu ba ne. Amma ka yanke. Kana yankewa zan je in kwance wayar ƙofata ta titi, in ga wanda zai hana ni. Na gaji da ganin ɗana a kan shinge."

Tegan ta ga yadda mai farar hula ya juya ya dubi gabas, inda gonar Noeleen ta miƙe har rijiya. Darcy ya riga ya sauko daga tankar, yana tsaye a wancan gefen ƙofar, fuskarsa fara fat. Ya ce wa uwarsa, ba tare da ya dubi shugabansa ba, shi ƙorafin haura shinge kawai ya yi a wajen cin abinci, aka miƙo masa kwaɗo aka ce ga wannan, kyauta. Bai yi tunani ba. Merv ya ce dama yaushe ya taɓa yi.

Tegan ta miƙe. Ba ta tsara abin da za ta yi ba, sai dai ta ga almakashin ya kama wuyan kwaɗo mai jan farce, ta kuma san idan ya haɗe, zaman da suka yi a tamfol ɗin nan ya tashi a banza. Ta zare makullin gidansu daga zobensa, ta miƙa hannu ta saman ƙofar.

"Mai Kunnuwa. Ungo."

Ya dubi makullin bai karɓa ba.

"Farfesa, kin haukace?"

"Karɓi. Na gidan Hartwig ne. Ka daina yaga wandonka a wayar mutane."

Ya karɓa. Ta juyo ta fuskanci Merv, ta ce yanzu gida biyu ne suka karya alkawari, ita kuma da saninta ta karya, a gaban kowa. In zai yanke, ya yanke biyu, ya ga abin da zai rage masa na sarƙa. Merv ya kira ta 'yar boko mai taurin kai, ya ce ta san abin da ta yi kuwa, ta ɗauki ruwan gida shida ta sa a hannun direban kamfani. Ta ce ta sani. Kuma ta sani ɗin.

Mai farar hula ya gyara murya. Ya yi magana a hankali, kamar mai roƙon a miƙo masa gishiri.

"Darcy, an ba ka makulli da hannun mai shi, kowa shaida ne. Buɗe mana."

Tirela na gurnani, karnuka na haki. Tegan ta kafa wa hannun Darcy ido. Ta san hannun nan tun yana satar mata kek a motar makaranta, amma ta gane ba ta san abin da zai yi yanzu ba, kuma duk karatunta babu inda aka koya mata. Wani ɓangare na zuciyarta, wanda ba ya jin magana, har ɗokin ganin amsar yake.

Darcy ya juya makullin a yatsunsa. Ya dubi tankar, ya dubi uwarsa. Sannan ya ɓalle maɓallin aljihun rigarsa, rigar kamfani mai ratsin lemo, ya jefa makullin ciki ya mayar da maɓallin.

"Wannan na zuwa gaida tsohuwa ne, oga. Ranar hutu, a motata."

Mutumin ya ce za su yi magana a ofis. Darcy ya ce ya san hanyar ofis ɗin. Mai farar hula ya sa rawayan kwaɗonsa a aljihu, ya ce musu za su sake haɗuwa, ta hanyar takarda in ta kama. Tegan ta ce ya same su a nan, ba su da inda za su.

Sai dai layin Wilga bai da faɗin da tirela za ta juya. Da baya da baya suka koma har babban titi, wani na tafe a ƙasa yana yi wa direba alama da hannu, injin haƙan na tangaɗi, tankar Darcy ce a gaba yanzu tunda ita ce a ƙarshe. Abin ya ɗauki lokaci, mutanen layin suka tsaya suna kallo kamar ana wasan ƙwallo, har da masu ba da shawarar yadda za a karya sitiyari. Da tankar ta fara ja, Clarrie Hartwig ya jingina da ƙofar motarsa ya ɗaga yatsa ɗaya. Daga bayan gilashi yatsa ɗaya ya amsa. Matar Merv ta dubi mijinta, ta dubi tankar, ta ɗaga nata ita ma, ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu.

Merv ya mayar da almakashin mota yana ta ƙunƙuni. Ya ce ranar Lahadi sai an yi taro a kan wannan, kuma kada wanda ya zaci ya manta. Ya ce in tankar nan ta taɓa shigowa layin nan, sunan Hartwig zai rubuta a jikinta da fenti. Tegan ta ce ya tanadi shuɗi, shi ne kalarsu.

Mutane suka watse. Gadin nata ne har azahar, ta koma kujerarta. Sai a lokacin ta tuna ba ta da makulli, in za ta fita sai ta roƙi ubanta, abin da ba ta yi ba tun tana makarantar firamare. Ta miƙe ƙafafunta ta ɗora a kan akwatin ƙanƙara.

Noeleen ba ta tafi ba. Ta daɗe a cikin mota tana kallon inda ƙurar ta bi. Can ta sauko da fulas, ta jawo ɗaya kujerar ta zauna da nishi. Ba ta dubi Tegan ba. Ta ce wataƙila su kori Darcy daga aiki. Tegan ta ce wataƙila. Noeleen ta ce in sun kore shi, ga shingen arewa duk ya zube, aiki ba zai ƙare masa ba. Ta buɗe fulas ɗin ta cika murfin da shayi, ta miƙa mata.

"Shanye duka wannan karon. Ba ni da ƙarfin zubarwa."

Tegan ta karɓa da hannu ɗaya, ɗayan na korar ƙuda. Ta miƙa ƙafa ta taɓa sarƙar da takalminta, kwaɗunan suka yi ƙara. Ta ƙirga su duk da haka.